Katin Madadi a Gurbin Auta

Shekara goma sha ɗaya na yi ina zaune tebur ɗaya da Baban Kati, ban taɓa ganin ya ci abinci a kan teburin ba. Cewa yake maiƙo da takarda ba sa ga maciji da juna. In zai sha shayi sai ya fita baranda ya sha a tsaye, ya wanke hannu, ya goge da hankici, sannan ya dawo ya zauna. Ni kuwa da biredina a cikin durowa nake aiki, in ya juya baya in gutsura. Ya sani sarai, bai taɓa tanka mini ba.

Ɗakin kati na asibitinmu a ƙasa yake, bayan wurin ba da magani. Taga ɗaya gare shi mai sandunan ƙarfe, ta nan marasa lafiya ke miƙo ƙaramin katinsu, mu duba lamba, mu zaro babban fayil, masinja ya loda a keke ya kai wa likitoci. Akwai kantocin ƙarfe goma sha huɗu da fanka ɗaya mai kuka. A can ƙurya akwai ƙofar wani ɗan sito inda ake ajiye fayilolin waɗanda suka rasu. Layin matattu muke ce masa. Ba mai shiga sai in kotu ta nemi wata takarda, shi ma a shekara bai fi sau biyu ba.

Baban Kati da aikin masinja ya fara, yana ɗan shekara ashirin da huɗu. Shekara takwas yana tura keken fayil daga hawa zuwa hawa, har wani tsohon magatakarda ya lura cewa in an kira lamba sau ɗaya ta zauna masa a kai, ya roƙa aka mayar da shi ɗakin kati. Tun daga nan bai motsa ba. An canza shugabannin asibiti bakwai, an sake fentin bango sau uku, an kawo kwamfuta ta mutu an kawo wata, shi yana nan a kujerarsa mai ƙafa ɗaya ɗaure da waya. Sunansa na yanka kuwa sai a takardar albashi. Daga manyan likitoci har masu shara, Baban Kati suka sani.

Abin da ya fi tsanani a kai shi ne katin madadi. Wani dogon kati ne ja mai kauri. Duk fayil ɗin da za a zare daga kanta, sai an cusa madadi a gurbinsa, an cike layi huɗu: lambar fayil, kwanan wata, wanda ya ɗauka, da inda aka kai. Ranar da na fara aiki ko sannu da zuwa bai gama yi mini ba ya miƙo mini ɗaya.

"Malama, fayil ba ya ɓata," ya ce. "Mutum ne ke ajiye shi inda ba gidansa ba. In kika zare ba ki sa wannan ba, ni da ke ba za mu shirya ba."

Na ɗauka cika baki ne irin na tsofaffin ma'aikata. Sai da na ga ya bi wani babban likita har bakin mota da jan kati a hannu, yana cewa ranka ya daɗe a taimaka a sa hannu, sannan na shiga taitayina. A shekara ashirin da bakwai da ya yi a ɗakin, ba wanda ya taɓa jin ya ce "ba a gani ba". Mu sauran mukan faɗa sau biyar kafin azahar.

'Ya'yansa huɗu. Uku sun kama gabansu, saura Auta. Na san ta tun tana firamare. In an tashe su makaranta nan take zuwa ta jira shi, ya zaunar da ita a kan kwali, ya ba ta tsohon hatimi da takardun banza ta yi ta bugawa. A jikin fayiloli ta koyi karanta lamba. Anti take ce mini, kuma ita kaɗai ta san durowar da nake ɓoye biredi. Da ta girma sai ta shiga makarantar koyon gwajin jini. Saura mata shekara ɗaya a turo ta asibitinmu aikin sanin makama, a ɗakin gwaji na hawa na biyu. Baban Kati ba mai yawan magana ba ne, amma wannan labarin na ji shi ya fi sau talatin.

A farkon shekararsa ta ƙarshe a aiki, wata ƙaramar likita daga sashen ƙwaƙwalwa ta sauko wurinmu da littafi a hannu. Siririya ce, ga ciki ya fara fitowa, tana magana tana haki saboda matakala.

"Baba, taimako nake nema. Ina so in san matasa nawa aka rubuta wa baifola a asibitin nan cikin shekara goma sha biyar. Daga 'yan sha biyar zuwa ashirin da huɗu. Kwamfuta suna da lamba kawai take da su."

"Hawa-da-sauka kike nufi," in ji shi.

Haka muke kiran ciwon a ɗakin kati. Mutum ya hau sama, ba barci, ba gajiya, baki ba ya rufuwa, yana ganin duniya duk tasa ce. Bayan wani lokaci ya sauko ƙasa, ko ruwa sai an ɗura masa. Ta yi dariya ta ce sunanmu ya fi nasu.

Kowace Alhamis da yamma, in layi ya ragu, sai mu zauna da manyan rajistocin da yake rubuta abin da likita ya gano. Ni in karanto lamba, shi ya zaro fayil, ya sa madadi, ya duba shekaru, in ya dace ya ɗiga koren tawada a kusurwar bango, sannan ya mayar. Koren ɗigon dabararsa ce, don kada a ƙirga mutum sau biyu. Shekarar farko mun sami bakwai. Ta biyar goma sha tara. Ta goma talatin da uku. Da muka iso bara, sai da tawadar ta ƙare aka sayo wata. In ka tsaya a bakin kanta ka kalli layin sababbin fayiloli, kore ne ke fara shiga idonka.

Na tambayi likitar ko ciwon ne ya ƙaru.

"Anti, ni ma abin da nake son sani ke nan. Wataƙila ya ƙaru. Wataƙila da can ma akwai shi, wani suna ake ba shi. Wataƙila mu ne muka fi gane shi yanzu, ko kuma wani lokacin muna saurin rubutawa. Lamba ba ta faɗin dalili."

Baban Kati yana goge bakin alƙalami ya ce, "Da can sai an ɗaure mutum ake kawo shi, shi ma bayan an gama yawo da shi ko'ina. Yanzu da ƙafarsu suke zuwa, da waya a hannu, su ne ma ke gaya wa likita sunan ciwon."

Ba da tausayi ya faɗa ba, ba kuma da raini ba. Gaskiya mu duka haka muke. In ka shekara goma kana buga hatimi a kan ciwon mutane, sai ya zama kamar wanda aka yi wa allurar kashe zafi: kana jin ana taɓa ka, amma ba ka jin ciwo. Yara ɗari huɗu muka ɗiga wa kore, ban tuna na yi tunanin uwar ko ɗaya daga cikinsu ba. Tunanina ko zan sami mota kafin cunkoso.

Wata Talata a watan uku, Baban Kati ya hau sama taron ma'aikata, ni kaɗai ce a taga. Na ɗago kai na ga yayan Auta, babban ɗansa, wanda ke aiki a wani gari. Auta na bayansa. Ta rame, idonta na ƙyalli, ta sa agogo biyu a hannu ɗaya.

"Anti! Anti, kin ga yadda kuka jera kantocin nan ba daidai ba ne, na zana muku sabon tsari, shafi arba'in, zan kawo miki gobe, kuma ɗakin gwajin ma zan gyara shi, na gaya wa Yaya lafiyata ƙalau shi ne ba ya ji, Anti har yanzu biredin na durowar hagu?"

Yayan ya sunkuyo ya rage murya. "Anti, a buɗe mata kati. Sashen ƙwaƙwalwa. Kwana tara ke nan ba ta yi barcin kirki ba. Ta rabar da kayan sawarta, ta yi wa ɗakin Umma fenti kala uku. Baba ya ce zumuɗin karatu ne. Ni dai ban yarda ba."

Na buɗe. Na rubuta suna, na rubuta shekara ashirin, na buga hatimi, na sa a keke. Na kira na gaba.

Ƙarfe uku keken ya dawo. Aikin Baban Kati ne ya buɗe kowane fayil ya kwafe abin da likita ya rubuta zuwa rajista. Ina kallonsa ta gefen ido yana bi ɗaya bayan ɗaya. Ya zo kan nata. Ya karanta bangon, ya buɗe, ya bi shafi huɗu na rubutun ƙaramar likita da yatsa, har ƙasa inda ta ja layi biyu. Ita ba ta san 'yar wa ta gani ba, don ba ta san sunansa ba. Ya rufe. Ya rubuta lamba da suna a rajista, ya bar gurbin ciwo babu komai. Sai ya ɗauki na gaba. 

Bayan kwana biyu na je mayar da wani fayil a kanta ta tara, na ga jan kati a gurbin na Auta. Na zaro. Rubutunsa ne, mai tsabta kamar kullum. Lamba daidai. Kwanan wata daidai. Wanda ya ɗauka: ya sa hannunsa. Inda aka kai: ba komai.

Na daɗe a tsaye da katin. Mutum ya ɓoye fayil, amma hannunsa ya ƙi barin gurbin haka nan, sai da ya bar shaida a kan kansa. Da wani ne da na yi dariya. Na mayar da katin yadda na same shi, na koma kujerata.

Na san dalilinsa, ba sai ya faɗa ba. Fayil a asibiti ba shi da sirri, ko me aka rubuta a bango. Masinja na leƙawa a matakala, nas na karantawa tana jiran likita, mai shara ma ya san wanda ke da kati a sashen ƙwaƙwalwa. Shekara ashirin da bakwai yana jin yadda ake cewa ɗan wance ai yana da fayil a can. Yarinyar da za ta zo ta riƙe jinin mutane a hawa na biyu, wa zai yarda da sakamakonta in an san akwai nata a ƙasa? Ni ma a lokacin gani na yi ya yi daidai. In zan faɗi gaskiya, da 'yata ce da abin da zan yi ke nan, sai dai ni ba zan bar madadi ba.

Auta ta sha maganin da aka ba ta wata biyu, ta dawo daidai, ta koma makaranta. Ranar komawarta asibiti ta zo ta wuce. Yayanta ya koma wurin aikinsa. Uwar kuwa an gaya mata gajiya ce. Ƙaramar likita ta tafi hutun haihuwa, ta ce mu ci gaba da ɗiga kore, in ta dawo za ta rufe lissafi. Nakan tambayi Baban Kati, "Yaya, ya Auta?" Ya ce, "Ta gode Allah." Shi ke nan.

A watan takwas ciwon ya sauko da Auta ƙasa. Uwar ce ta kawo ta, a kan dole, bayan ta yi sati uku a kwance tana kallon bango. Na hango su a benci. Auta ta sa hijabi a baibai, hannuwanta a kan cinya, ba ta ko kori ƙudan da ya sauka a goshinta ba. Uwar ta zo taga ta miƙo ƙaramin katin da ta tsinta a jakar makarantar yarinyar.

"Baban Auta, ga shi. Na gaji da jiran ka ce a kawo ta."

Ya karɓa kamar na kowa. Ya shiga tsakanin kantoci. Ina jin takunsa har kanta ta tara, daga nan ya tsaya. Fanka na ta kukanta. Na duba agogon bango, minti goma sha biyu ya yi a wurin. Da ya fito sai ya dubi masinja, ba ni ba, ba matarsa ba.

"Ba a gani ba. A buɗe na wucin gadi."

Masinjan ya buɗe baki ya kasa rufewa. Ni na sunkuyar da kai na jawo sabon fayil, na rubuta sunanta karo na biyu. Na san inda jan katin yake, taku ashirin ne daga kujerata. Ban tashi ba. Wannan laifina ne, kuma ba ranar da ba na tuna shi.

Wani likita ne ya gan ta, baƙo, watansa biyu a asibitin. Ya yi tambayoyinsa, kamar yadda uwar ta ba ni labari daga baya. Auta ba ta amsa ko ɗaya ba. Ya tambayi uwar ko an taɓa ganin ta da wani sauyi kafin wannan. Uwar ta ce a'a, ai watannin baya ma lafiyarta ƙalau, ga ƙwazo, ga fara'a, har fenti ta yi wa ɗaki ita kaɗai. Baiwar Allah, lokacin hawan shi ta ɗauka lafiya.

Da fayil ɗin ya dawo da yamma, Baban Kati ya buɗe. Shafi ɗaya ne. Ciwon damuwa, aka rubuta. Ya karanta sau biyu, ya ɗauki alƙalami ya kwafe a rajista, ya cike gurbin har ƙarshe. Sai ya juyo gare ni, karo na farko a kan maganar.

"Malama, kin gani? Damuwa ce. Damuwa kuwa wa ya rasa ta?"

Fuskarsa har wani haske ta yi. A nan na gane ba ɓoyewa kaɗai ya yi ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a cikin takarda, ya yarda abin da ke rubuce shi ne gaskiya. A ganinsa in aka sake fayil aka sake suna, ciwon ma ya saku. Na ce masa Allah ya ƙara sauƙi. Ya ce amin, ya fita baranda ya sha shayinsa.

Sati biyu da fara sabon magani ta tashi ta ci abinci. Ya zo da alawa ya raba mana. A sati na uku ta daina barci. A na huɗu ta fita da safe ta ce za ta sayo sabulu, ba ta dawo ba. Kwana biyu ana nema. Shi kuwa kullum ƙarfe bakwai da rabi yana kan kujerarsa, yana zaro fayil yana sa madadi, waya a gefen hatimi. Na ce ya tafi gida, zan riƙe taga. Ya ce in ya tafi me zai yi.

A wata tashar mota aka same ta, ba takalmi, tana tsara wa direbobi yadda za su jera motocinsu. Wasu mutum biyu suka kawo ta da rana tsaka, ta babbar ƙofa, lokacin da harabar ta fi cika. Ƙafafunta sun kumbura sun fashe. Muryarta ta dishe amma ba ta daina ba, har ƙasa muna ji.

"Ku kira mini babana! Yana ɗakin kati! Baban Kati, kowa ya san shi! Ku gaya masa na zo fara aiki!"

Nas-nas sun leƙo ta tagogi, masu jiran magani sun miƙe tsaye, 'yan ɗakin gwaji na hawa na biyu sun jeru a baranda da fararen rigunansu. Abin da ya yi wata shida yana tarewa ya shigo ta ƙofar gaba. Yana riƙe da fayil ɗin wani tsoho a lokacin. Ya gama cike madadin tsohon, layi huɗu, ya cusa a gurbi, sannan ya fita.

Aka kwantar da ita a gado na shida. Washegari ƙaramar likita, wadda ta dawo daga hutu a satin, ta sauko da kanta. Ba littafi a hannunta. Ta jawo kwalin da Auta ke zama a kai tana yarinya, ta zauna.

"Baba, ban san 'yarka ce ba sai jiya. Amma na gane fuskarta. Ni na gan ta a watan uku, na rubuta shafi huɗu. Ina suke?"

Ya ƙura wa hatimi ido.

"Ba faɗa na zo yi ba. Maganin damuwar da aka ba ta, ga mai damuwa kaɗai magani ne mai kyau. Amma mai hawa-da-sauka, in aka ba shi shi kaɗai ba tare da mai riƙe shi ba, yakan iya cilla shi sama. Ba zan rantse shi ne ya jawo ba, wataƙila da ma za ta hau. Amma da likitan ya ga rubutuna, da ba haka zai yi ba. Yanzu ina bukatar in san me na ba ta a lokacin, nawa, kuma me gwajin jininta ya nuna. In babu, sai in fara lalube daga farko, ita kuma ba ta da ƙarfin jira."

Ban san haka magani yake ba. Shi ma bai sani ba. Shekara da shekaru muna kwafe sunayen ciwo, ba mu taɓa sanin abin da ke bin bayan sunan ba.

Ya jawo durowa ya ɗauki mabuɗin sito. Na ji ƙarar kwaɗo, na ji ƙofa. Ko minti ɗaya bai yi ba ya fito da fayil ɗin. Daga baya na shiga na duba: a layin matattu ma bisa lamba ya jera shi, tsakanin wata tsohuwa da ta rasu shekara shida da suka wuce da wani jariri. Ya goge ƙurar da hankicinsa, gaba da baya, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ga shi, likita. Ba abin da ya ɓata a ciki."

Ta karɓa ta miƙe. Ya ce ta ɗan dakata. Ya tafi kanta ta tara ya zaro jan katin nan, ya dawo tebur, ya zauna. A layi na huɗu, wanda ya bari wata shida, ya rubuta "layin matattu". Ya ja layi a ƙasa, ya sa sabon kwanan wata, ya rubuta "gado na shida", ya tura mata ta sa hannu. Ta sa. Tana juyawa na ga ta share ido da bayan hannu. Shi ko gezau. Ni ma idona a bushe yake.

Ba ta kai ƙara ba. Shi ya hau sama ya kai kansa. Aka ba shi takardar gargaɗi, ta farko kuma ta ƙarshe a shekara talatin da biyar, ya kawo ta ya huda, ya sa a fayil ɗinsa na ma'aikata da hannunsa.

Auta ta yi kwana ashirin da shida a kwance. Makaranta ta ɗaga mata shekara. Maganar aikin hawa na biyu ba a sake tayar da ita ba, har yau ban san ko za ta yiwu ba. Uwar ta yi wata guda ba ta yi masa magana ba, sai dai ta ajiye masa abinci ta wuce.

A Alhamis ta ƙarshe ta shekara likitar ta zo rufe lissafi. Ta haɗa shekarun a littafinta, ta ce ɗari huɗu da goma sha ɗaya.

"Da sha biyu," in ji shi.

Ta duba littafin, ta dube shi. Ya tashi ya zaro fayil ɗin Auta, wanda yanzu ya yi kauri don an haɗe shi da na wucin gadi, ya sa madadi, ya kawo tebur. Ya buɗe kwalbar kore, ya tsoma, ya ɗiga a kusurwa, daidai girman na sauran. Ya hura ya bushe. Ya buɗe rajistar watan uku, ya nemo layin da ya bari, ya cike. Ta goge lambarta ta gyara.

Ya yi ritaya a ƙarshen watan. An yi ɗan taro, an ba shi agogon bango. Kujerarsa mai ɗaurin waya tana nan, ba mai zama a kai don tana yaga zane.

Yanzu Talatar farko ta kowane wata nake ganinsa. Shi ke rako ta. Ta yi ƙiba saboda magani, hannunta na ɗan rawa, tana magana a hankali kamar mai auna kowace kalma. Takan ɗago mini hannu daga benci. Shi kuma ya shiga layi, bayan mutum ashirin ko talatin, rabinsu sa'o'inta, kowa da waya da ƙaramin kati. Karo na farko na leƙa ta ƙofar baya na yafito shi.

"Yaya, haba. Kawo katin ta nan mana."

"A'a, Malama. Layi ne."

Sai da ya kai minti arba'in kafin ya iso taga. Ya miƙo katin ta tsakanin sanduna. Ban duba lambar ba, na san ta. Na tafi kanta ta tara na zaro, na dawo na sa a keke. Yana nan tsaye bai matsa ba, na bayansa har sun fara tsaki.

"Kin sa madadi?"

"Na sa."

"Layi huɗun duka?"

"Duka, Yaya."

Ya gyaɗa kai, ya karɓi ƙaramin katin ya sa a aljihun gaba. Ya koma benci ya zauna kusa da ita, suka ci gaba da jiran a kira lambarsu.